Tandun Turaren Inna

Jikata ce ta shigo mini da shi rannan da la'asar, dawowarta ke nan daga wajen aiki. Ko gaisuwar kirki ba ta gama ba ta kama hannuna ta fesa mini wani abu a kan jijiya. Baƙar kwalba ce mai nauyi, ta ce a wani shago a unguwar PZ ta samo, wai daga ƙasar waje ake kawo shi. Na tambaye ta nawa ta zubar a kansa, ta yi dariya ta ce in bar wannan zance in ba so nake jinina ya hau ba.

"Kaka, ke ce mai hanci a gidan nan," in ji ta. "Don Allah ki gaya min gaskiya, zan iya shiga ofis da shi? Wata ta ce min na maza ne, wata kuma ta ce in ajiye shi sai ranar biki."

Na kai hannun hancina. Abin da ya fara dukana yaji ne, masoro da kanumfari, sai da na yi atishawa. Na ce ta zauna tukuna, ba a yanke wa turare hukunci a tsaye. Muka taɓa hira, ta ba ni labarin wahalar mota, sannan na sake shinshinawa. Yajin ya lafa, wardi ya fito, wani wardi mai nauyi kamar furen da ya bushe a cikin akwati. A ƙarƙashinsa kuma fata ce kwance, jemammiya, irin ƙamshin da kake ji in ka wuce rumfar dukawa da hantsi. Na ce mata wannan ba turaren da za ki yi wanka da shi ba ne ki cusa kanki cikin napep da tsakar rana a bazara, sai ki sa wa mutane ciwon kai su yi ta tsine miki a zuci. Fesa ɗaya ya isa, shi ma a gefen mayafi. Sanyin safiya yake so, ko yammacin da aka yi ruwa aka ɗauke. Kada ki je dubiya da shi, kada ki je gidan makoki. Ofis kuwa shiga abinki, amma ki sani zai riga ki shiga kuma zai zauna bayan kin tashi, ranar da ba ki shirya a san da ke ba ki bar shi a gida. Batun na maza ne ko na mata, wannan surutun masu shago ne. Ta yi tsalle ta ce ai da ma ta san ni zan warware mata, ta suri jakarta ta fice. Duk wannan na faɗe shi da murya lafiya lau. Bayan fitarta na yi ta dirje hannun da sabulu bai fita ba, kuma ranar ban iya cin tuwo ba.

Turare bai yi ƙaranci a Samaru ba, ya ma yi yawa. Ko'ina ka juya ga samari sun jera kwalabe a kan tebur a bakin titi, ga ɗalibai suna wucewa kowa na tashi da ƙamshin alawa, ba ka bambance wannan da waccan. Hancina ya saba, ba ya ma tanka musu. Na yi zaton duk abin da zai iya taɓa ni ta hanci ya riga ya bar duniya. Ashe yana nan, Turawa sun ɗura shi a baƙar kwalba sun aiko mana, jikar 'yar mai shi ta je ta saya da albashinta tana murna.

A Sabon Gari na tashi, a wasu ɗakuna biyu da ke bayan coci. Babana shi ne mai gadin cocin, shi ke share haraba, shi ke goge kujeru, shi ke buga ƙararrawa. Tun yana saurayi ya bar ƙauyensu, lokacin da ya karɓi bishara danginsa suka ce ba shi ba gonar gado. Saboda haka waɗannan ɗakuna biyu su ne ƙauyenmu, su ne gonarmu, in aka ce mu tashi ba mu da inda za mu nufa. Da ƙararrawar Baba unguwa ke farkawa, sai kukan jirgin ƙasa ya amsa mata daga tasha, sai ƙarar bokitai a bakin famfo, inda matan Ibo da na Yarbawa da namu ke layi suna faɗa da Hausa kala uku. Aikina ne in ɗebo ruwa in cika randa kafin in tafi makaranta, in wanke tukwane da toka, in yi wa ƙannena wanka. Yanzu jikokina in famfon cikin gida ya ɗauke na yini ɗaya sai ka ce an yi musu mutuwa.

Inna kuwa turare take haɗawa, kuma duk sana'ar tata a cikin tandu ɗaya take. Yaran yanzu ba su san tandu ba. Ɗan ƙaramin mazubi ne na fata, ana ɗinka shi da ɗanyen ƙirgi a bar shi ya bushe ya yi tauri, a zuba mai ko kwalli. Na Inna bai wuce ka rufe shi da tafin hannu biyu ba. Ya yi baƙi ƙirin saboda tsufa da maiƙo, ga ƙwayar wuri uku, irin kuɗin mutanen da, da aka ɗinka a wuyansa. Wajen mahaifiyarta ta gaje shi, ita kuma wajen tata uwar. Kakar tamu Bamagujiya ce, har ta mutu ba ta taɓa shiga coci ko masallaci ba, wurin nan ma ita ta ɗinka su don ado, kamar yadda take ɗinka wa kowane ƙoƙo nata. Man riɗi Inna ke zubawa a ciki, da kanumfari da masoro da ɗan kimba da ta daka da kanta, da man wardi da take saye wajen wani tsoho a kasuwar Sabon Gari. Sai ta toshe bakin da kakin zuma, ta naɗe shi da jan ƙyalle, ta binne shi cikin tukunyar dawa a ƙarƙashin gado, inda ba zafi ba sanyi, ta manta da shi har wata ya juya. Ƙamshin fatar ba zuba shi ake yi ba, tandun ne ke bayarwa. Shi ya sa ba a taɓa wanke shi, ba a taɓa juye shi kaf, kullum sai an bar na jiya a ƙasa ya karɓi na yau. Inna takan ce a cikin ɗigon da ta shafa akwai ragowar wanda kakarta ta haɗa.

Tana da dokokinta, kuma ba ta wasa da su. Da sassafe take buɗe shi kafin a hura wuta, don hayaƙi na ɓata shi. Hannun da ya taɓa albasa ko daddawa ba ya zuwa kusa. Ba ta buɗewa a gaban baƙi, ba don komai ba sai don kowace mace in ta gani sai ta ce bari in ɗan taɓa. Ni kaɗai take bari in zauna gefenta, tana ɗiga mini a bayan hannu tana cewa, "Shinshina yanzu. To bari sai kin dawo daga famfo ki sake." A haka na koyi cewa yajin na safe ne kawai, kafin rana ta take ya tafi. Wardin yakan kai yamma. Fatar ita ce ke kwana a zane, ta yi wata da watanni a akwati, ko an wanke ba ta fita duka.

A 'yan kwalaben allura da aka wanke aka dafa take ɗura wa masu saye. Matan zumunta na cocinmu kusan duk suna da shi, tun daga Uwar Zumunta, wato shugabarsu, har amaren da aka kawo bara. Ranar Asabar nakan hau mota in kai wa matan malamai da na ma'aikatan gona a Samaru. Samarun lokacin ba wannan ba ce da gini ya haɗe da gini. Kana barin Sabon Gari sai gonakin dawa da itatuwan mangwaro, in ka sauka ma sai ka ji kukan kurciya. Matan sukan karɓa su ɓoye a ƙasan akwati kamar zinariya. Dukansu sun san kwalbar, sun san ƙamshin, amma ba wadda ta taɓa ganin tandun da idonta.

Shekarar da Inna ta haifi autanmu aka kawo wani mai wa'azi daga nesa don taron farkawa. Mutum ne mai murya, in ya yi magana har kwanon rufi na amsawa. Wa'azinsa ɗaya ne: akwai masu zuwa sujada da Littafi a hannu, alhali ƙarƙashin gadonsu cike yake da kayan iyayensu na duhu. Ya ce kowa ya fito da nasa a ƙona a ranar ƙarshe. Mutane suka yi ta kawowa, layu da guraye da ƙahoni, wasu suna kuka. Ba na cewa duk ƙarya ne, na ga dattijon da ya kawo abin da ya hana shi barci shekara da shekaru, ya koma gida da sauƙin zuciya. Inna ba ta ga ko ɗaya ba, tana asibiti, haihuwar ta zo da gardama ta zubar da jini da yawa.

Al'adar zumunta ce in mace na kwance a je a share mata ɗaki, a yi wanki, a dafa wa yara abinci. Al'ada ce mai kyau, har gobe ina faɗa. Suka zo da tsintsiyoyinsu suna waƙa. Uwar Zumunta da kanta ta durƙusa ta jawo tukunyar dawa don a share bayanta, ta ce bari ta ga ko ƙwari sun shiga, ta tura hannu, ta fito da jan ƙyalle. Tana warwarewa ta ga baƙar fata da wuri, sai ta yar da shi ta ja da baya tana kiran sunan Yesu. Waƙa ta tsaya.

Na ce, "Mama, turaren Inna ne. A ciki take haɗawa."

Ta ce, "Ke rufe mana baki! Yaushe aka haife ki da za ki san abin da uwarki ke binnewa? Turare ne ake ɗinka wa wuri a binne a hatsi?"

Na ce ta buɗe ta shinshina. Ta ce Allah ya kiyaye ta kai hancinta ga abin da ba ta san wanda aka yanka a kansa ba. Ɗakin kuwa da ma kullum cikin ƙamshin yake, ba wadda ta kawo komai a ranta. Da tsinken itace biyu ta ɗauke shi ta sa a tsohon kwano, suka fita da shi a jere, ni ina binsu ina kuka, ƙanina na riƙe da zanena.

Da yamma aka hura wutar a tsakiyar haraba. Baba ne ya tara itacen, aikinsa ne. Yana tsaye da sandar tona wuta lokacin da aka kawo kwanon, ya ga abin da ke ciki, kuma ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa, don shi ke sayo wa Inna kakin zuma. Na kafa masa ido. Ya dubi mai wa'azi, ya dubi dattawan ikilisiya da ke jere a kan benci, ya sunkuyar da kai ya gyara itace. Aka jefa layu, aka jefa guraye, warin gashi da tsumma ya tashi. Sannan aka jefa tandun. Ya ɗan jima kamar ba zai ci ba, sai ya takure, ya fashe, man ya kama da wata doguwar wuta. Ƙamshin da ya tashi ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba zan ƙara ji ba. Abin da mata uku suka tara a tsawon rayuwarsu ya fita a lokaci ɗaya, ya rufe harabar, ya tsallake katanga ya shiga unguwa. Masu tafi suka daina. Na ga mata suna satar kallon juna, kowace ta gane, don kowace tana da shi a akwatinta.

Wata maƙwabciyarmu Ibo mai sayar da gari, wadda ba 'yar cocinmu ba ce, tana leƙe ta kan katanga, ita ce ta ɗaga murya da Hausarta ta kasuwa: "A'a! Wannan ba turare na matar mai gadi ba ne? Ni ma ina da shi! Me ya sa kuna ƙona?"

A nan ne Uwar Zumunta ta samu damar da za ta ce ta yi kuskure. Kalma ɗaya ce, da an yi dariya an wuce, da Inna ta yi kukan tandunta ta haƙura. Amma ga baƙo, ga dattawa, ga jama'a cike da haraba, ga ita ce ta ɗauko abin da tsinke tana kiran sunan Yesu. Sai ta juya ta ɗaga hannu ta ce, "Kun ji ko? Kun ji abin da take shafa mana? Daga cikin wannan abin take ɗebowa ta sayar mana, mu shafa mu shiga gaban Ubangiji da shi!" Mai wa'azi ya ce haleluya, asiri ya tonu. Aka umarci kowace mace ta je gida ta zubar da nata a masai. Duk suka ce to.

Inna ta dawo da jariri a hannu, tana tafiya tana dafa bango. Ba wanda ya gaya mata, tukunyar dawar ta gani a tsakar ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallonta. Kafin ta yi arba'in dattawa suka kira Baba. Hukuncinsu gajere ne: ko matarsa ta tsaya gaban ikilisiya ta furta cewa kayan tsafi ta ajiye ta tuba, ko su nemi wani wurin zama, don ba za a bar irin wannan a gidan coci ba. Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki lokacin da ya shigo ya faɗa mata.

Ta ce, "Malam, kai ma ka san abin da ke cikin tandun nan."

Ya ce, "Na sani. Allah ma ya sani."

"To ka faɗa musu."

"Wa zai ji ni? Ni mai shara ne. Ga damina ta kankama, ga jariri, ga yara. Ina za mu dosa? Magana ce kawai, ki faɗa a wuce wurin."

Ta ce, "In ce uwata matsafiya ce, ni ma matsafiya ce, shi ne magana kawai?"

Ya ɗauki tsintsiyarsa ya fita. Na tsani Baba a ranar, kuma sai da na yi aure na haifi nawa na san abin da ake nufi da rufin kwano a kan yara kafin tsanar ta ragu. Raguwa ta yi, ban ce ta tafi ba.

Ranar Lahadin Inna ta yi wanka da sabulun salo, ta ɗaura zanen da ba ta taɓa shafa wa komai ba. Ni na goya jaririn na bi ta a baya. Muna shiga ɓangaren mata ƙamshin ya tare mu. Na ce a raina ai fatar ce, ta kama zannuwansu na zumunta, ba laifinsu ba ne, wanki ba ya fitar da ita. Amma da muka zo daidai bencin gaba, inda Uwar Zumunta ke zaune da ɗankwalinta a tsaye, abin da ya doki hancina kanumfari ne da masoro, sabo fil. Wannan bai kwana a zane ba, da safen nan aka ɗiga shi. Inna ta tsaya cak. Ta juya ta dube ta, ita kuwa ta buɗe littafin waƙa tana ta neman shafi. Ba ita kaɗai ba ce, benci na biyu ma haka, na uku ma haka. Ba wadda ta zubar. Sun dai san ba za a ƙara samu ba, sai suka koma lallaɓa wanda ya rage.

Inna ta ƙarasa gaba. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce ta ajiye kayan duhu na iyayenta a gidan Ubangiji, ta ruɗi 'yan'uwanta mata da shi, ta tuba, tana roƙon ikilisiya ta gafarta mata. Aka ce amin da ƙarfi, aka tashi da waƙar murna kan ɓatacciyar da ta dawo. Uwar Zumunta ce ta fara zuwa ta rungume ta tana hawaye, ta daɗe tana riƙe da ita, har ƙamshin ya koma jikin rigar Inna. Muna isa gida Inna ta tuɓe rigar ta jiƙa ta a ruwan toka. Da ta bushe ta yayyaga ta ta yi tsumman goge tukunya.

Ba a tashe mu ba. Baba ya ci gaba da buga ƙararrawarsa. Inna ta koma suyar ƙosai a bakin titi, ta zama mai warin hayaƙi da man gyaɗa kamar kowa. Ba ta fasa zuwa sujada ba, amma bencin baya ta koma, kuma ba ta ƙara ɗaura zanen zumunta ba. Turare kuwa ko na biki aka zo fesa wa jama'a sai ta kauce. Sabulu mai ƙamshi ma in aka kawo mata tsaraba sai ta ba mu. Ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba, tuwonsa bai taɓa makara ba, rigarsa ba ta taɓa kwana da datti ba. Bayan na yi aure na dawo Samaru na sa aka ɗinka mini sabon tandu, na zuba duk abin da na ga tana zubawa, na binne a dawa na jira. Da na buɗe, warin akuya ne ya fito da ɗan yaji a kai. Na kai mata duk da haka, ko za ta gaya mini inda na kuskure. Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗauke min wannan daga nan. Sabon tandu sai jikarki ta tsufa kafin ya yi hankali."

Yanzu in na je wannan cocin biki ko jana'iza sai in zauna ina kallon ikon Allah. An rushe tsohon gini an yi mai bene. Mata na shigowa kowace kamar ta faɗa rijiyar turare, ba mai tambayar a wace tukunya aka dafa shi, wa ya haɗa, me ya yi imani da shi. Tunda da rubutun Turawa a jikin kwalbar, ya tsarkaka. 'Ya'yan waɗanda suka yi tafi a bakin wutar nan su ne manyan zumunta yau, suna gaishe ni da ladabi, ba wadda ta san komai, iyayensu ba su ba su wannan labarin ba. Ɗakunanmu biyu kuwa, waɗanda Inna ta sayar da sunanta da na uwarta don mu kwana a ciki, nan ne aka ajiye janareta.

Amma iyayena sun tsufa a cikinsu kafin a rushe tsohon ginin cocin. Baba ya riga Inna lalacewa, idonsa ya tafi gaba ɗaya, aka ba wani ƙararrawar, aka bar su a ɗakunan don tausayi. Yini yake zaune a kan tabarma a bakin ƙofa. Inna kuwa da ma ba mai motsi da ƙara ba ce, ga shi ta daina yawan magana, sai ya zama bai san lokacin da take kusa da lokacin da ta fita ba. Wani sa'in ya yi ta yi wa ɗaki hira ba kowa, wani sa'in ya yi shiru yana jiran ta dawo alhali tana gefensa. Wata rana na je gaishe su da hantsi, na tarar tana zaune ba nisa da shi tana tsince wake a faifai. Ya ɗaga kai yana juya fuska hagu da dama, ya kira sunanta, abin da ban taɓa ji ya yi ba tun da nake.

"Saratu? Kina nan?"

Ta ce, "Ina nan, Malam."

Sai ya ce da wata ƙaramar murya, "Da can ko ido a rufe na san in kin shigo. Don Allah ki ɗan riƙa shafa turaren nan naki, ko kaɗan ne, in riƙa sanin kina ɗakin."

Inna ba ta ɗago ba. Ta fitar da wani ɗan dutse daga cikin waken ta jefar a ƙasa.

Ta ce, "Ai na tuba, Malam. Kana wurin."